Mataci a Cikin Jijiya: Sharhi a Kan Na'urorin Tare Gudan Jini

Tun da aka fara yi wa mutane aiki a asibitocin zamani likitoci suka san wata irin mutuwa ta fuju'a, wadda galibi takan zo a daidai lokacin da hankalin kowa ya kwanta. Mutum ne za a yi masa aiki a ƙugu ko a ciki, ko mace ta haihu da ƙyar, ko saurayi ya karye a cinya, a yi mako guda ko biyu yana kwance, rauni yana kamewa, dangi har sun fara shawarar ranar komawa gida; sai wata safiya ya yunƙura zai zaga, numfashi ya sarƙe masa, ƙirji ya ɗaure, kafin likita ya iso rai ya yi halinsa. Idan aka bincika gawar, abin da akan tarar shi ne wani dogon gudan jini, wani lokaci tsawonsa taƙi guda ko fiye, ya nannaɗe ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini huhu, kuma duk masanin da ya dubi kaurinsa da siffarsa zai gane cewa daga wata jijiya ta cinya ko ta ƙugu ya taso.

Hanyar da gudan ya bi ba ɓoyayya ba ce. Jijiyoyin jini iri biyu ne, akwai masu fita da jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, akwai masu komawa da shi. Kuma duk jinin da ya taso daga ƙafafu biyu da ƙugu yakan haɗu a wata babbar jijiya guda ɗaya da ke kwance a gefen dama na ƙashin baya, wadda likitoci ke kira bena kaba ta ƙasa, faɗinta kimanin santimita 2, ita kuma ta zuba shi a ɓangaren dama na zuciya, zuciya ta tura shi huhu. Wannan ratsawa da jini ke yi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu, Ibn Nafis, likitan nan ɗan Dimashƙa da ya zauna Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana ta a cikin sharhin da ya yi wa babin halittar jiki na Ƙanun na Ibn Sina. Amma wanda ya tabbatar da cewa gudan da ake gani a huhu baƙo ne, shi ne Rudolf Virchow na Barlin, a tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya riƙa jefa 'yan guntayen abubuwa a jijiyar wuyan karnuka, ya kuma riƙa samunsu a huhu. Malaman da suka zo bayansa suka tattara sababan daskarewar jini a cikin jijiya zuwa uku suka jingina masa: jini ya daina gudu sosai, kamar yadda yake faruwa ga mai doguwar kwanciya; ko bangon jijiya ya ji rauni; ko kuwa jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa, kamar a lokacin juna biyu da jego, da ciwon daji, da cutar sikila.

To da yake an san mafari, an san hanya, an kuma san masauki, sai tunanin likitoci ya rabu biyu. Wasu suka nufi jinin, suna neman maganin da zai hana shi daskarewa; wasu suka nufi hanyar, suna neman yadda za su datse ta. Masu neman magani su suka yi rinjaye, kuma da hujja suka yi shi. An gano hefarin a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins, aka fara ba mutane shi a shekarun 1930. Warfarin kuwa, wanda asalin bincikensa wata cuta ce ta zubar jini da ta addabi shanun manoman Amurka da suka ci ruɓaɓɓen harawa, an fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948 kafin a halatta shi ga 'yan Adam a 1954. A 1960 likitoci biyu a Biristol ta Ingila, Barritt da Jordan, suka raba majinyata 35 da gudan jini ya riga ya shiga huhunsu kashi biyu: cikin 19 da ba a ba maganin ba 5 suka mutu da cutar, cikin 16 da aka ba babu wanda ta kashe. Daga ranar nan maganin tsinka jini ya zama asali, duk wani abu ya zama reshe. Ga Musulmi akwai 'yar mas'ala a nan, domin mafi yawan hefarin da ake sarrafawa yau daga hanjin alade ake tatso shi, kuma malamai da yawa sun shigar da shi babin larura, bayan haka akwai magunguna na haɗi da ba su taɓa dabba ba. Amma wannan bahasi ne na wani zama.

Sai dai akwai wanda maganin tsinka jini zai kashe shi kafin gudan ya kashe shi: wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa jiya, wanda gyambon cikinsa ke tsiyaya, wanda aka fito da shi daga babban aiki yanzu-yanzu, macen da ke zubar da jini bayan haihuwa. Irin waɗannan su suka sa tunanin datse hanya bai mutu ba. Da farko ɗaure jijiyar aka riƙa yi ɗungurungum. John Homans na Boston ya yi kira a shekarun 1930 da a riƙa ɗaure jijiyar cinya, daga baya a shekarun 1940 aka hau sama aka riƙa ɗaure ita bena kaba kanta, wanda aiki ne na buɗe ciki ga mutumin da dama yana tsakanin rai da mutuwa, kuma wanda ya tsira yakan zauna da kumburarrun ƙafafu da gyambo, daga baya ma jini ya buɗe wa kansa wasu hanyoyi na gefe har su yi faɗin da wani gudan zai bi. Aka koma ɗinke jijiyar a raba ta 'yan ƙananan ƙofofi, aka ƙirƙiro matsai masu haƙora da ake maƙala mata daga waje, irin na Miles da na Adams da DeWeese a shekarun 1960. Duk dai sai an yanka ciki.

Wanda ya fara kawo na'urar da aka yi amfani da ita sosai wadda ake shigarwa ta cikin jijiyar ba tare da buɗe ciki ba, shi ne Kazi Mobin-Uddin, likitan fiɗa ɗan asalin Pakistan da ke aiki a Mayami, a 1967. Tasa laima ce 'yar ƙarama, mai ƙafafu shida na ƙarfe da rufin roba mai hudoji, ana naɗe ta a zura ta jijiyar wuya, a buɗe ta a cikin bena kaba. Ta tare gudaji yadda ake so, har ma ta wuce yadda ake so, gama a jikin mutane masu yawa rufin nan ya tara jini har jijiyar ta toshe gaba ɗaya, wasu lokuta kuma laimar ta kuɓuce ta bi jini zuwa zuciya, daga bisani aka janye ta daga kasuwa.

Gyaran da ya dawwama daga Okalahoma ya fito, kuma daga ilimin bututun man fetur. Lazar Greenfield likitan fiɗa ne, ya kai kukansa ga wani injiniya mai ƙera kayan rijiyoyin mai, Garman Kimmell, wanda ya san matsalar laka a cikin bututu ya kuma san cewa lallausan mataci mai shimfiɗe yakan toshe da wuri, amma mai siffar mazurari yakan tattara datti a tsakiya ya bar gefe a buɗe. Abin da suka fitar, wanda aka bayyana a 1973, wayoyi shida ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, sun haɗa kai a sama sun bazu a ƙasa, kowace da 'yar ƙugiya a ƙarshenta da za ta kama bangon jijiya, tsinin yana kallon zuciya, babu rufi ko kaɗan. Hikimarsa hisabi ce tsantsa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Faɗin mazurari yana ƙaruwa daidai da nisa daga tsininsa, amma filin da ya rufe yana ƙaruwa da ninkin wannan nisa a kansa. Saboda haka idan gudan jini ya cika kashi 70 cikin ɗari na zurfin matacin, filin jijiya da ya tare kashi 49 ne kawai, watau rabin hanya yana nan a buɗe. Jinin da ke wucewa ta gefe kuwa yana ɗauke da sinadaran da Allah ya halitta a cikinsa masu narkar da gudaji, sai ya yi ta lasar abin da aka kama har ya ƙare ko ya ragu. Kusan duk matatan da aka ƙera bayan wannan 'ya'yansa ne ko jikokinsa, in ban da 'yan kaɗan irin wanda ake kira sheƙar tsuntsu, wanda tarin siraran wayoyi ne da ake cusawa a jijiyar da ta yi faɗi ƙwarai, har milimita 40.

A farkon lamari sai an tsaga fata an tono jijiya kafin a zura shi, domin mazubinsa ya kai milimita 8. Daga shekarun 1980 aka koyi shigar da shi ta hudar allura, sa'an nan ƙarfen nitinol, wanda gaurayen nikel da titaniyom ne da aka gano a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka, mai halin komawa siffarsa ta asali bayan an lanƙwasa shi, ya sa aka iya matse mataci a cikin bututu mai kaurin milimita 2 ko 3. Yau aikin ba ya kai sa'a guda: a kashe wurin da allura a matsematsi ko a wuya, a zura waya da bututu ana kallon tafiyarsu a na'urar hoto, a zuba ruwan da ke bayyana jijiya a auna faɗinta a ga inda jijiyoyin ƙoda suka shigo, a saki matacin ƙasa da su kaɗan, domin in ya toshe wata rana kada ƙoda ta rasa mafita. Ga mai tsohon ciki ne akan sa shi sama da su, saboda mahaifa tana danne ƙasan. Kuma bisa al'adar ɗan Adam, abin da ya yi sauƙi yakan yawaita. A Amurka an ƙiyasta matatai kimanin 2,000 aka sa a 1979, kimanin 49,000 a 1999, fiye da 160,000 a 2007, da yawansu ga mutanen da suke shan maganin tsinka jini lafiya lau, wasu ma ga waɗanda ba su da gudan jini ko ɗaya, ana tsoron kada su samu ne kawai.

Duk wannan yawaita a kan ƙiyasi aka gina ta, cewa abin da ya tare gudan jini lalle ya tsawaita rai, kuma shekara 25 aka yi kafin a kai wannan ƙiyasi gaban alƙali. Alƙalin a ilimin likita shi ne gwaji na ƙuri'a, inda ake raba majinyata masu hali iri ɗaya kashi biyu ba da zaɓin likita ba, a yi wa kashi ɗaya abin da ake shakka a kansa, a bar ɗayan, a jira a ƙirga. Faransawa suka yi shi, ƙarƙashin Hervé Decousus, aka buga sakamakon a 1998 da sunan PREPIC. Majinyata 400 ne masu gudan jini a manyan jijiyoyin ƙafa, duka an ba su maganin tsinka jini, rabinsu an ƙara musu da mataci na dindindin. A kwana 12 na farko gudan ya kai huhu ga kashi 1.1 cikin ɗari na masu mataci, da kashi 4.8 na marasa shi. Matacin ya yi aikinsa ke nan. Amma bayan shekara 2 sabon gudan jini ya fito a ƙafafun kashi 20.8 na masu mataci, da kashi 11.6 kawai na marasa shi. Da aka sake dubawa bayan shekara 8 lissafin bai sauya hali ba: a huhu kashi 6.2 da 15.1, a ƙafa kashi 35.7 da 27.5, mutuwa kuwa kunnen doki, kimanin rabin kowane ɓangare sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya taɓa sa raga a bakin kwatar gidansa da damina ya san wannan ciniki: sharar ba ta fita titi ba, amma ruwan ya dawo tsakar gida. Na'urar ta ɗauke wata mafsada daga huhu ta aje wata a ƙafa, kuma ciwon ƙafar da ya biyo bayan toshewar jijiya, da kumburinsa da duhun fata da gyambon da ba ya jin magani, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rayu da shi shekara ashirin.

Amsar masu ƙira ga wannan hujja amsa ce mai ma'ana: tun da fa'idar a makonnin farko take, illar kuwa a shekaru, to a ƙera wanda za a iya cirewa. Aka sa 'yar ƙugiya a tsinin matacin, yadda likita zai zuro zarge ta jijiyar wuya ya kama ta, ya turo bututu ya haɗiye ƙafafun ya zaro shi. Irin waɗannan, kamar Günther Tulip, sun fara a Turai a shekarun 1990, Amurka ta halatta cire su a farkon shekarun 2000. Amma domin su ciru dole a yi su da sirara kuma masu laushin kamu, abin da ya fi laushi kuwa ya fi saurin karkacewa, da gocewa, da karyewa, ga shi jijiyar tana motsi da kowane numfashi dare da rana. A watan Agusta na 2010 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta sanar cewa daga 2005 ta karɓi rahotanni 921 na ɓarna, daga ciki 328 na matacin da ya bar mazauninsa, 146 na guntun da ya ɓalle ya bi jini, 70 na ƙafar da ta huda bangon jijiya, 56 na karaya. Akwai waɗanda aka ciro guntun waya daga cikin zuciyarsu, akwai waɗanda ƙafar ta shiga hanji ko ta taɓa ƙashin baya. A 2014 hukumar ta ƙara da cewa, idan haɗarin ya wuce, lokacin da ya fi dacewa a cire shi yana tsakanin kwana 29 da 54 bayan sawa.

Babban aibin dai ba a ƙarfen yake ba. Da aka tattara rahotanni a 2011 aka ga kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na matatan wucin gadi ake komawa a cire, a wani babban asibiti na Boston ma, cikin rahoton 2013, bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Likitan da ya sa daban, wanda ya sallami majinyaci daban, wanda ke duba shi a gari daban, kowa yana zaton amanar tana wuyan wani, shi kuwa majinyacin, wanda aka yi wa abin yana cikin magagin ciwo, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da ƙarfe a cikinsa ba. Tsawon zamansa kuwa yana ƙara wuyar fitarsa, domin naman jijiya yana rufe ƙafafun sannu a hankali, har ya kai sai an nemi ƙwararru masu hantsaki na musamman da hasken leza.

Gwaje-gwajen baya ba su ƙara wa matacin daraja ba. A PREPIC na biyu, 2015, majinyata 399 masu gudan jini a huhu da ake jin tsoron halinsu, duka kan magani, gudan ya dawo cikin wata 3 ga mutum 6 masu mataci da mutum 3 marasa shi. A Ostireliya a 2019 aka gwada sa shi da wuri ga mutum 240 da suka ji munanan raunuka, ba a ga bambanci a jimlar mutuwa da toshewar huhu ba, ko da yake a cikin waɗanda suka wuce mako guda ba a iya ba su maganin kariya ba, duk waɗanda gudan ya kai huhunsu marasa mataci ne. Saboda haka abin da ya yi kusa da ijma'i a yau ƙunci gare shi: sabon gudan jini a babbar jijiyar ƙafa ko a huhu, tare da cikakken hani daga maganin tsinka jini, a sa mataci, a fara magani da zarar hanin ya kau, a cire. Abin lura, wannan wuri guda da kowa ya yarda da shi ba a taɓa yi masa gwajin ƙuri'a ba, gama babu likitan da zai yarda ya bar irin wannan majinyaci ba magani ba mataci don neman hujja. A kan maslaha da ƙiyasi hukuncin ya tsaya, kuma ina ganin daidai ne ya tsaya a nan. A ƙasashenmu, inda haɗarin mota da naƙuda mai tsanani da sikila suka yawaita, masu irin wannan larura ba su yi kaɗan ba. Amma inda majinyaci yake zuwa daga tafiyar yini guda, ya biya daga aljihunsa, ya kuma koma ba a sake jin ɗuriyarsa ba, wajibi ne kuɗin cirewa da ranar cirewa su shiga lissafi tun kafin a huda fata.

Wannan duk a jijiyoyin komawa ne. A jijiyoyin fita mas'alar ta juya fuska, domin a nan jini daga faɗi yake tafiya zuwa ƙunci, abin tsoro ƙwaƙwalwa ce da naman zuciya, kuma ɓarɓashin da ake gudu galibi likitan ne da kansa yake tayar da shi da kayan aikinsa, saboda haka matacin na sa'a guda ne, ana shiga da shi a fita da shi. Inda ya fi samun hujja mai ƙarfi shi ne tsofaffin jijiyoyin ƙafa da aka dasa wa zuciya don su kewaye toshewa, waɗanda bayan shekaru cikinsu yakan cika da ruɓaɓɓen kitse mai marmashi. A gwajin SAFER na 2002, mutum 801, an toshe gaban jijiyar da 'yar balan-balan lokacin aiki aka zuƙe dattin kafin a sake ta, manyan matsalolin zuciya cikin wata guda suka sauko daga kashi 16.5 zuwa 9.6, shekara guda bayan haka wani gwaji ya nuna mataci mai siffar kwando a kan waya yana yin daidai da haka. Amma da aka kai dabarar ga masu bugun zuciya na gaggawa, a gwajin EMERALD na 2005, an kwaso datti a wajen mafi yawansu, zuciyar kuwa ba ta amfana da komai ba. A jijiyar wuya, inda ake sa ragar ƙarfe don buɗe ƙuncin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, sa kariya ya zama al'ada tun zamanin Jacques Théron na Faransa, wasu ma suna juya gudun jinin baya na ɗan lokaci, su fitar da shi ta bututu su tace shi a waje su mayar ta jijiyar cinya.

Fagen da aka fi kai ruwa rana a kansa a shekarun nan shi ne sauya bawul ɗin zuciya ta bututu. A ranar 16 ga Afrilu 2002 Alain Cribier, a birnin Rouen na Faransa, ya dasa wa mutum sabon bawul a bakin babbar jijiyar fita ba tare da tsaga ƙirji ba, aikin da yau ake yi wa dubban ɗaruruwan tsofaffi. Tsohon bawul ɗin, wanda ya ƙandare da kalsiyom, ba a cire shi, murƙushe shi ake yi a jikin bango, ɓarɓashinsa kuwa yana tashi, kuma manyan ƙofofin farko da yake tararwa su ne na jijiyoyin kai. Mutum 2 ko 3 cikin ɗari sukan sami shanyewar jiki, hoton maganaɗisu kuwa yana nuna 'yan sababbin tabo a ƙwaƙwalwar mafi yawansu. Aka fito da dabaru biyu. Ta farko kamawa: na'urar Sentinel, wadda Amurka ta halatta a 2017, ana zura ta ta wuyan hannun dama, a buɗe kwando ɗaya a jijiyar da ke ciyar da hannun dama da daman kai, ɗaya a jijiyar wuya ta hagu, hudojinsu milimita 0.14, sun isa ƙwayoyin jini su wuce. Ta biyu karkatarwa: raga ce da ake shimfiɗawa a rufin baka na babbar jijiya, irin TriGUARD, ta rufe ƙofofin kai duka uku, ba ta riƙe komai, tana tunkuɗa ɓarɓashin ya gangara ƙasa, bisa hujjar cewa ƙoda da hanji da ƙafa sun fi ƙwaƙwalwa jure ƙaramin rauni. Wannan zaɓin mafi sauƙin sharri biyu ne, kuma gwajin da aka yi mata bai tabbatar da fa'idarta ba.

Ita Sentinel, a wani gwajinta mai mutum 363, an sami ɓarɓashi a kwandunan kashi 99 cikin ɗari na majinyata: gudan jini, guntun bawul, ɓallen bangon jijiya, har da ɓurɓushin kayan aikin. Likitan da ya wanke kwandon ya ga wannan da idonsa, ya kuma san inda abin ya nufa, da wuya a gamsar da shi cewa bai yi wani abu ba. Amma a gwajin PROTECTED TAVR na 2022, mutum 3,000, shanyewar jiki cikin sa'o'i 72 ta sami kashi 2.3 na masu kariya da 2.9 na marasa ita, bambancin da bai fita daga haddin dace ba. Abin da ya rage wa masoyanta shi ne shanyewa mai nakasarwa, kashi 0.5 da 1.3, wadda ba ita ce ainihin tambayar gwajin ba. Birtaniya ta ɗauki tambayar da mutum 7,635, aka buga a 2025: kashi 2.1 da 2.2, mai nakasarwar ma 1.2 da 1.4.

Dalilan wannan tazara tsakanin abin da ido ya gani da abin da ƙidaya ta nuna ba su da wuyar fahimta. Jijiyoyi huɗu ke ciyar da ƙwaƙwalwa, Sentinel uku take karewa, ta huɗun, wadda ke bi ta ƙashin wuya a hagu zuwa ƙeya, a buɗe take. Kwando ba kullum yake manne wa bango daidai ba. Zura na'urar kanta ta cikin tsofaffin jijiyoyi masu ƙuraje yana iya kankaro abin da aka zo tarewa. Wani kaso na shanyewar jiki yana zuwa ne bayan an zare ta, daga bugun zuciya da ya rikice ko gudan da ya taru a kan sabon bawul. Kuma mafi yawan ɓarɓashin da ake kamawa ƙanana ne da ƙwaƙwalwa za ta haɗiye ba tare da alamar da likita zai gani a bakin gado ba. Masu goyon bayanta sun koma ga wannan na ƙarshe, suna cewa 'yan tabon nan na ɓoye ƙila su ne mantuwar gobe, suna kuma neman a keɓe ta ga wanda ya taɓa shanyewa, ko wanda bawul ɗinsa ya yi mugun ƙandarewa, ko wanda za a dasa masa bawul a cikin tsohon dashe. Magana ce mai kama hankali, ina kuma ganin ba laifi likita ya yi ijtihadi da ita ga mutum guda da ke gabansa. Amma da'awa ce da ke jiran nata gwajin, kuma kafin ya zo, asibitin da ya ce zai sa wa kowane majinyaci wannan na'ura mai tsada, mutum 7,635 na Birtaniya ne za su tsaya masa a gaba.